Hedifon mai buɗaɗɗen baya: gyaran da zai yiwu a gida da wanda ba zai yiwu ba

Tambaya: Salam oga. Na sayi Beyerdynamic DT 990 Pro na hannu, mai ohm 250, da shi nake aikin haɗa bidiyo da daddare. Damuwata biyu ce. Siririn sautinsa akwai kaifi har yana sukar kunne, sannan duk abin da nake ji mai ɗakina ma tana ji, har yana tada mana jaririya, in kuma ina ɗaukar murya makirfo sai ya kwaso shi. Wani ya ce in cusa soso a bayansa in naɗe da salatif. Hakan zai yi, ko akwai dabarar da ta fi?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya raya jaririya. Dan Allah ka ajiye salatif ɗin nan tukuna. Abu biyu ka nema kuma taura biyu ba ta taunuwa lokaci guda, gyaran sauti kam zai yiwu sosai, da kuɗi kaɗan ko ma ba ko sisi, amma toshe zubar sauti gaba ɗaya ba zai yiwu ba sai ka kashe ainihin abin da ya sa hedifon ɗin yake da daɗi. Za ka iya rage zubar, kuma zan nuna maka ta inda ake ragewa, sai dai ba ta bayan kofin ba ce kamar yadda abokin naka ya zata.

Kafin ka kwance komai yi wannan gwajin, minti ɗaya ne. Saka shi a kai, kunna wani abu mai murya da ka saba ji, sai ka kawo tafukan hannunka ka rufe ragar bayan duka biyun. Tun hannun bai taɓa ba za ka ji sautin ya fara canzawa, in ya rufe kuwa sai muryar ta koma kamar mutum yana magana cikin tulu, faɗin nan da kake ji kamar kana tsakiyar fili ya tsuke. Yanzu ka ce uwargida ta tsaya inda gadon yake ta gaya maka ko ya ragu. Zai ragu, amma tana nan tana ji. Toh abin da soso da salatif za su ba ka kenan, tafin hannunka ma ya fi su kauri.

Dalilin mai sauƙi ne in ka ɗauki 'yar sifikar cikin a matsayin fatar ganga. Wata siririyar leda ce mai kwayil, wato naɗaɗɗiyar siririyar waya, a jikinta tana gaban maganaɗisu, tana motsi gaba da baya, duk lokacin da ta tura iska wajen kunnenka to tana janye iska ta baya, kenan sauti biyu take fitarwa, ɗaya naka ɗaya na mutanen ɗaki. A hedifon mai rufaffen baya ana kulle na bayan a cikin kofi. A naka kuwa da gangan aka bar masa hanya ya fice don kada ya bugi bango ya dawo ya dagula na gaban. Ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera shi, tun Sennheiser HD 414 na 1968 wanda shi ya fara kawo wannan salon. In ka rufe bayan, iskar da ka kulle sai ta zama kamar sifirin tana tokare ledar, motsinta ya canza, sannan sautin da ke ciki ya riƙa kai-komo tsakanin murfin da sifikar, wasu muryoyin su kumbura wasu su ɓace. Kamfanin da ya yi naka a Heilbronn ta Jamus yana da DT 770 mai rufaffen baya, kamanninsu ɗaya in ka hango daga nesa, amma ba 990 ne aka kifa wa murfi ba, kofinsa daban, katifar kunnensa daban, har ɗan ƙaramin rami aka bar masa a jikin kofi don numfashin bes, wato sauti mai kauri na ƙasa. Lissafi aka yi, ba toshewa kawai ba.

Shi kuma soso mutane suna yi masa kallon abin da ba shi ba. Soso ba ya tare sauti, ɗan tsotsa yake, kuma abin da yake iya tsotsa ya danganta da kaurinsa. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, saboda haka tsawon zangon sauti mai 100 Hz, wato mai kaɗawa sau 100 a daƙiƙa, ya haura mita 3, na 1 kHz, wato 1000 Hz, santimita 34 ne, na 8 kHz kuma santimita 4 da 'yan kai. Don soso ya yi aiki da kyau ana so kaurinsa ya kai wajen kwatan wannan zangon. Kaga kenan soson santimita 1 da zai shiga kofinka saman saman kawai zai taɓa, muryar mutum da ke tsakiya wucewa za ta yi ta cikinsa kamar iska ta labule. Abin da ke tare sauti nauyi ne da rufewa ruf ba kafa, shi ya sa bangon bulo yake tarewa katifa ba ta tarewa.

Amma ga inda abin ya zo maka da sauƙi. Je ka ajiye hedifon ɗin a kan tebur yana kunne ka matsa baya, me kake ji? Ba bes, sai tsi-tsi-tsi da ƙananan muryoyi. Bes ɗin gaba da na baya kishiyoyin juna ne, da sun haɗu a iska suke kashe juna, abin da ke isa kunnen jaririya shi ne na tsakiya da na sama, kuma kunnen ɗan Adam ya fi kaifin ji tsakanin 2 kHz da 5 kHz. Shi DT 990 sananne ne da tudun siririn sauti tsakanin 6 kHz da 10 kHz, ga kuma ɗan kumburi a bes na sama, muryar mutum tana zaune a kwari tsakanin tuddan biyu. Kai kuma mai haɗa bidiyo murya kake bi, sai ka yi ta ƙara bolum don ka ji magana sosai, kana ƙarawa kaifin yana ƙaruwa zubar tana ƙaruwa. Kenan damuwarka ta ɗaya ita ke ciyar da ta biyu. Rage tuddan nan, murya ta fito fili, hannunka da kansa zai rage bolum, zuba ta ragu. Wannan ita ce hanyar gaskiya, duk sauran abin da zan faɗa a kanta yake tafiya.

Fara da katifar kunne tunda na hannu ka saya. Ta asali karan-miski ce mai ruwan toka, in ta tsufa soson cikinta yakan kwanta, kunnenka ya matso kusa da sifika, sautin ya tashi daga yadda aka tsara shi. Matsa ta da yatsa, in ba ta dawo da sauri ba ko ka ga kunnenka yana taɓa ciki to ta gama aiki. Cire ta ba wuya, leɓenta ne kawai yake maƙale a bakin kofi, ja a hankali za ta fita. In dauɗa ce kawai ka wanke da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, ka shanya a inuwa har ta bushe ƙarau, kada ka mayar da ita da danshi. In sabuwa za ka saya nemi EDT 990, ita ce tasa. Za ka ga masu tallar katifar fata suna cewa tana hana zuba, gaskiya ta gefe tana ɗan ragewa amma ai mafi yawan zubar ta baya take fita, sannan a wannan hedifon fata takan kumbura bes har ya rufe murya, sau da yawa kuma kaifin bai tafi ba. Ga zafi, mutum ya zauna da fata a kunne cikin watan Afrilu ba wuta ba fanka, minti 20 gumi ya cika kofi. Ni dai ban ba ka shawararta ba.

Na biyu shi ne tace kaifin ta gaba. In ka cire katifar za ka ga wani zoben roba ya danne faifan baƙin soso siriri a kan sifikar. Ba sai ka ɓalle zoben ba ma a gwajin farko, samu tishu irin mai falle biyu, raba shi ka ɗauki falle ɗaya, yanka shi daidai faɗin soson, ɗora a kai ka mayar da katifa ta riƙe shi. Kada ka raina wannan, masu wasa da hedifon sun daɗe suna yi, saboda lissafin nan na sama ne, abu siriri sautin sama kawai yake iya ci, ya bar murya da bes su wuce. Falle ɗaya in bai isa ba ƙara na biyu, daga uku sauti ya fara dusashewa kamar an lulluɓe rediyo da bargo. In ka gane adadin da ya yi maka sai ka canza zuwa abu mai ɗorewa, siririn dannannen ulu irin wanda ake samu wajen masu kayan ɗinki, kauri milimita 1 zuwa 2, don tishu yana shan gumi ya dagargaje. Har hedifon mai tsada irin Sennheiser HD 800 na 2009 haka mutane suka riƙa manna masa ƙyalle a ciki saboda tudun da yake da shi a 6 kHz, daga baya kamfanin ya fito da HD 800 S da ɗan abin tsotse wannan tudun a tsakiyar sifikar. Saboda haka ba aikin 'yan koyo ba ne.

Dokar gwaji ɗaya ce kuma kada ka tsallake ta: kunne ɗaya za ka fara yi wa, ka bar ɗayan yadda yake, ka mayar da sautin mono, wato abu ɗaya yake fita a kunne biyun, sannan ka saurara kana juya hedifon ɗin hagu ya koma dama. Kunne mantuwa gare shi, in ka gyara duka biyun lokaci guda bayan minti 5 ba za ka tuna yadda yake da ba, sai zuciyarka ta ce maka ya yi daɗi don kawai ka sha wahala a kai. In ka gamsu sai ka yi wa ɗayan daidai wa daida, faɗi ɗaya kauri ɗaya, in ba haka ba murya za ta karkace gefe, wanda ga mai haɗa bidiyo masifa ce.

Na uku, wanda a wajena ya fi duk wani yanke-yanke, ikwalaiza, wato manhajar da ke rage ko ƙara wani ɓangare na sauti ita bar sauran. Kyauta ce, ba ta fasa komai, in ba ta yi ba ka kashe. A Windows akwai Equalizer APO, ka ɗora masa Peace don ya yi sauƙin sarrafawa, a Android akwai Wavelet. Akwai kuma AutoEq da Jaakko Pasanen ya haɗa, ka rubuta sunan hedifon ɗinka ya ba ka lambobin da aka ciro daga awon na'ura, akasari ana daidaita su ne da ma'aunin Harman, wato tsarin sautin da yawancin masu sauraro suka fi so, wanda Sean Olive da abokan aikinsa suka fitar bayan gwaje-gwajen sauraro. In da hannu kake so, fara da rage desibel 4 zuwa 6, desibel shi ne ma'aunin ƙarar sauti, a wajen 8 kHz, ka rage 2 ko 3 a wajen 150 Hz, ka saurari kalmomi masu s da sh da ts, irin su tsuntsu da shinkafa, in sun daina yanka kunne ka iso. Wurin tudun yakan ɗan bambanta daga kunne zuwa kunne da kuma tsufan katifa, don haka ka riƙa matsar da lambar sama da ƙasa har ka kama shi. Ragewa ta fi ƙarawa, in kuma dole ka ƙara wani wuri to ka sauke babban bolum na cikin ikwalaizar da daidai wannan adadin don kada sauti ya fashe. Kuma in ka sa ikwalaiza ka sake duba tishun nan, kada ka rage abu ɗaya sau biyu. Wani amfanin ma, mai aiki da hedifon mai kaifi yakan rage siririn sauti a bidiyonsa fiye da kima, sai a kunna a waya a ji muryar a dushe, shi bai san hedifon ne ya yaudare shi ba.

Maganar ohm 250, wato yadda hedifon ɗin yake turje wa wutar da ake ba shi, za a ce maka sai ka sayi babbar amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti. Yi lissafi da kanka. Kamfanin ya rubuta desibel 96 a miliwat 1, miliwat 1 a ohm 250 rabin bolt ne, in ka samu ɗan dongul, wato 'yar mahaɗar da ake jona hedifon a kafar USB-C, mai ba da bolt 1 ka kai wajen desibel 102, ya wuce abin da ya kamata kunne ya sha. In laftof ɗinka tana ba ka ƙarar da ta ishe ka ba tare da ka kai ƙarshe ba to ka riƙe kuɗinka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya tsaya a desibel 80 na awa 40 a mako, duk ƙarin desibel 3 kuma lokacin rabewa yake biyu. Rage desibel 10 kunne yana jinsa kamar an raba ƙarar biyu, kuma daidai abin da ka rage a kunnenka shi ya ragu a ɗaki, babu soson da zai ba ka wannan.

Sai abin da ba a cika faɗa ba, ƙofar da sauti ke fita ta nan hayaniya ke shigowa. Fanka tana kaɗawa a kanka, janaretan maƙwabci yana ruri, dole ka ƙure bolum. Juya fankar ta daina hura ragar kai tsaye, rufe tagar da ke ɓangaren janareta, za ka ga ka sauko da kanka. Tazara ma tana aiki, a fili duk ninka nisa yana rage wajen desibel 6, a cikin ɗaki bai kai haka ba saboda bango yana dawo da sauti amma yana taimakawa. Kuma lura, ta gefen kunnuwanka yake feso sautin, in gadon yana dama da kai ko hagu to ka saita shi ne kamar fitila, juya tebur ya zama gadon yana bayanka ko gabanka.

In duk da haka ranka yana son taɓa bayan, ga iyakar abin da zan yarda da shi. Ɓalle zoben robar da abu mai faɗi marar kaifi, ɗaga sifikar a hankali don wayoyinta sirara ne kuma gajeru, shimfiɗa falle ɗaya na siririn ulun nan a jikin ragar ta ciki, kada ya taɓa bayan sifikar kuma kada ya toshe ramin tsakiyar maganaɗisu. Ya koma rabi buɗe rabi rufe kenan, wajen salon DT 880 ko AKG K240. Tsi-tsi ɗin zai ɗan lafa, faɗin sauti zai ɗan tsuke, bes zai iya raguwa, mai barci kusa da kai kuma tana nan tana ji in dare ya yi tsit. Kada ka sa gam, musamman sufa gulu, tururinsa kaɗai yana ɓata leda. Kada ka cusa auduga, zarenta yana shiga inda kwayil ke motsi. Ni nan garin neman gira na taɓa rasa ido, ina kwance wani hedifon nawa da ƙaramin sukundireba, maganaɗisun ya fizge shi daga yatsuna ya caki ledar, shi kenan kunnen hagu ya koma zzz a duk bugun bes, laifina ne ba na kowa ba, tun ranar ƙarfe ba ya kusantar buɗaɗɗiyar sifika a teburina sai na rufe ta da kati. Tunda ka buɗe ma ka haska fitila ka duba, in ka ga gashi ko ƙurar hunturu a kan ledar ka ɗauke da abin hura iska na masu kyamara, ba da baki ba, gashi ɗaya tak yana sa bes ya riƙa karkarwa mutum ya zata sifika ta mutu.

Za ka ci karo da labaran gyare-gyare da yawa, ka lura da alƙiblarsu. Masu Sennheiser HD 555 da HD 558 cire wani soso suke daga jikin ragar baya don sauti ya ƙara sakewa. Masu Grado, na Brooklyn a Amurka, huda ƙyallen bayan sifika suke don bes ya ƙaru, kuma ramin da ka huda ya hudu kenan. Masu Koss KSC75 ƙara ramuka suke a murfin gaba. Kusan duk gyaran da ya yi suna a wannan layin ƙara buɗewa yake, ba rufewa ba. Wanda ya yi nasara ta ɓangaren rufewa shi ne Fostex T50RP, wanda dama ba buɗaɗɗe ne sosai ba kuma sifikarsa shimfiɗaɗɗiya ce mai jure wasa, a kansa Dan Clark ya gina Mad Dog har abin ya zama kamfanin MrSpeakers, shi ma da tafiya ta yi nisa sabon kofi ya zana ya buga da firintar 3D mai fitar da abu a tsaye. Da na'urar awo ake wannan aikin, ba da salatif ɗin masu wayarin ba.

Makirfo kuwa kada ka wahalar da kanka, babu gyaran da zai sa 990 ya dace da ɗaukar murya, tazarar kunnenka da makirfo ba ta wuce taƙi ɗaya ko biyu ba. Manhajar da ke yanke ƙananan sauti tana aiki ne kawai lokacin da ka yi shiru, da ka buɗe baki zubar ta bi muryarka ta shige, kuma ba ta ciruwa. Shi ya sa a situdiyo mai rufaffen baya ake ba wanda ke gaban makirfo, buɗaɗɗen kuma na wanda ke zaune yana haɗa sauti ne.

Da ni ne kai, sabuwar katifa in tsohuwar ta kwanta, ikwalaiza, falle ɗaya na ulu in har yanzu da sauran kaifi, bayan kofi kuma ban taɓa shi ba. Kuɗin da zan kashe a katifar fata da amfilifaya sai in sayi iyafis mai robar da ke shigewa cikin kunne ta toshe, ko mai araha ne, shi zan riƙa sawa wajen ɗaukar murya da yankan bidiyo bayan jaririya ta yi barci, don kusan ba ya zubar da komai kuma yana tare ƙarar janareta. Daidaita sautin ƙarshe sai in bar shi zuwa safiya in yi da 990 ɗin lokacin da kowa ya tashi. In ka gwada tishun ka gaya min falle nawa ya yi maka, da kuma ko katifar da ke kai ta asali ce, don na hannu sau da yawa an riga an canza musu ita kafin su iso.